Matar Gida Ba Ta Buga Kati

Ranar ƙarshe ta watan Maris, da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, Chizuru ta zura katinta a na'urar da ke bakin ƙofar ma'aikata, na'urar ta buga mata lokacin shiga aiki kamar kullum. Kafin rana ta yi tsaka katin ya ɓace daga jerin katuna. Ta duba ƙasa, ta duba bayan na'urar, daga ƙarshe ta same shi a kan teburin surukarta.

Tokiko ce surukar. Shekara arba'in tana riƙe da ofishin wannan ɗan asibiti mai gado goma sha biyu, tun zamanin mijinta har ya mutu ya bar wa ɗansu Noriyuki, mijin Chizuru, kujerar likita. A garinmu ba wanda bai san cewa Noriyuki ne ke duba marasa lafiya, uwarsa kuma ke duba Noriyuki ba. Ranar akwai baƙo a gefenta, irin mutanen nan da ke yawo da jaka asibiti-asibiti suna ba da shawara kan dokar aiki.

"Zauna, Chizuru," in ji Tokiko. "Albishir zan miki."

Chizuru ta zauna a bakin kujera.

"Daga gobe sabuwar dokar nan ta Tokyo ta hau kanmu. An yi wa awowin ƙarin aiki iyaka, kuma kowace ma'aikaciya sai ta ci hutun kwana biyar a shekara, tana so ko ba ta so. In ba ta ci ba, mu za a ci tara. Mun juya jadawalin nan ta kowace fuska, nas biyar ba za su isa ba. Amma malam ya nuna mana hanya."

Baƙon ya gyara tabarau. "Wanda ke zaune gida ɗaya da mai asibiti, suna ci daga tukunya ɗaya, ba a sa shi cikin ma'aikata, ranki ya daɗe. Taimako yake yi. Doka ba ta shiga tsakanin iyali."

"Kin ji," in ji Tokiko. "Girma aka ba ki. Ni dama abin ya daɗe yana min ciwo, matar Likita tana bin layin buga kati da 'yan aiki. Daga yau ke 'yar gida ce zalla."

Chizuru ta sunkuyar da kai ta ce ta gode. Me za ta ce? Shekararta goma sha bakwai a gidan, ta san iyakar bakinta. Tokiko ta buɗe aljihun tebur ta jefa katin, ta rufe.

Tsakanin ɗakin girkin gidan da ƙofar bayan asibitin taku goma sha huɗu ne, ta wata siririyar baranda mai rufi. A wannan gefe silifar gida, a wancan gefe fararen takalman nas. A da, in Chizuru ta buga kati da yamma ta tsallako, ta tsallako ke nan sai gobe, ko da wani aikin na jiran ta a gida. Yanzu barandar ta zama hanya mai zuwa da dawowa. Ta ɗora shinkafa da biyar na safe, ta haɗa miyar miso ta waken soya, ta sa sabon shayi gaban hoton marigayi, ta tsallaka ta juya tsofaffin da ba sa iya juyawa, ta dawo ta zuba wa Likita da Mama abinci, ta sake tsallakawa. Wata rana ta tsinci kanta tana yi wa wani tsoho allura da silifar gida a ƙafarta.

A bangon ofis akwai babban allon jadawali. Sunayen nas huɗu da tawada ake rubuta su. Duk inda aka samu giɓi, wata ta tafi hutun doka ko wata awowinta sun cika, sai Tokiko ta ɗauki fensir ta zana 'yar da'ira, ba suna. Kowa ya san da'irar wa ce. Hatsue, babbar nas, wadda ta girmi Chizuru da shekara goma kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ita ta sa wa da'irorin suna.

"Ƙaramar uwargida, zo ki gani, kazar Mama ta sake yin ƙwai. Uku yau kaɗai!"

"Yi shiru kar ta ji ki, Hatsue."

"Ta ji mana. Ni doka na bayana yanzu. Shekara talatin ina aiki, sai da na fara furfura aka gano ni mutum ce."

Gaskiya ne, dokar ta yi musu rana. Matan nan sun fara fita biyar da rabi, rana na sama. Ɗaya ta je ganin jikarta, ɗaya ta shiga koyon rawa. Chizuru ba ta yi musu baƙin ciki ba, ita ce ma ke tura su, ku tafi, ku tafi, zan ƙarasa. Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya shi ne, aikin da aka sauke musu ina ya nufa. Ai bai tashi sama ba.

Da damina ta kama, lokacin gwajin lafiyar ma'aikata na shekara-shekara ya zo, shi ma doka ce. Chizuru ce ke da hannun neman jijiya, don haka ita ta ɗebi jinin kowa, har da direban motar asibiti da mai shara. Ta jera kwalabe, ta liƙa sunaye. Hatsue ta sauke hannun rigarta ta ɗauki igiyar ɗaure dantse.

"Saura ke. Miƙo."

"Sunana ba ya cikin takarda."

"Kamar yaya? Bara ai ni na ɗebi naki."

"Bara ina da kati."

Tokiko na bakin ƙofa. Ta yi dariyarta ta masu kirki. "Haba Hatsue. Mace na kwana ɗaki ɗaya da likita, wane gwaji kuma take nema? Ai ita ta fi ku duka gata."

A daminar nan ne cikin ya fara. Ba ciwo ba ne mai kayar da mutum, wani nauyi ne a ƙasan ƙirji, da ƙoshi tun daga loma ta uku. Soyayyen kifi ya fita kanta. Siket ɗin aikinta ya fara juyawa a ƙugu, ta riƙe shi da fil. Hawa matakala goma zuwa ɗakunan marasa lafiya ya koma sai ta tsaya a tsakiya ta yi kamar tana gyara takalmi. Ita nas ce, ta san abin da za ta faɗa wa wata in ta zo mata da waɗannan alamu. Ta bari har ƙarshen Agusta kafin ta yi magana, da safe, yana karanta jarida.

"Likita, cikin nan bai daina ba."

"Zafi ne. Kowa haka yake ji bana." Bai ɗago ba. Ya miƙa hannu aljihun farar rigarsa ya ajiye mata ƙwayoyi kusa da kwanon miya.

"Na sha irinsu wata biyu. Kuma bayan gidana ya sauya launi."

Nan ya sauke jaridar. Noriyuki ba mugu ba ne, wannan sai a faɗa. Tsofaffin garin nan suna son shi, yana zama ya saurari labarin gwiwarsu har ƙarshe. Matsalarsa ɗaya, tun da aka haife shi bai taɓa gwada yadda a'a ke fita daga bakinsa a gaban uwarsa ba. Ya dubi matarsa da idon likita na ɗan lokaci, ya ce gyambon ciki ne mai yiwuwa, amma a zura kyamara a leƙa ya fi. Su ba su da kyamarar, sai babban asibitin birni, awa biyu a jirgin ƙasa, kuma da safe kawai ake yi, ranakun aiki. A ranar ya rubuta mata takardar turawa, ya buga hatiminsa, ya sa a ambulan.

Safiya ɗaya take buƙata. Safiya ɗaya tak.

An ba ta wata Talata a Satumba. Ka'idar gwajin sai ciki ba komai, don haka tun yammacin Litinin ta daina ci. Da safe ta gama girki, ta gama juya tsofaffi, ta sa rigar fita. Ta sami Tokiko tsaye a tsakiyar barandar da fensir a hannu.

"Af, yau ne? Kash. Chizuru, yarinyar nan mai aikin ɗakunan sama awowinta sun cika tun jiya. In ta taka asibitin nan yau mun karya doka."

"Mama, na faɗa miki tun makon jiya."

"Kin faɗa, ban musa ba. Amma wa zai sa ƙarin ruwan gado na huɗu? Ni? Ki buga musu waya su ɗaga miki. Ke matar likita ce, ba za su ƙi ba."

Chizuru ta juya wajen mijinta, yana ɗaura igiyar takalmi. Ya ce, "Mako biyu ba zai canza komai ba." Ta cire rigar fita ta sa farar. Ba mako biyu aka ba ta ba, layin kyamara ya yi tsawo, sai Nuwamba.

Ana saura kwana uku ranar ta zo, wasiƙa ta iso cewa sufeton ofishin ƙwadago zai kawo ziyara, kuma a ranar. Tokiko ta shafe yamma guda da abin goge fensir, tana hura ɓurɓushin daga allo, har allon ya fito fes ba ƙwai ko ɗaya.

"Tunda ba a so ya gan ni, ai gara in tafi birnin," in ji Chizuru.

"Ki tafi? Wa zai yi aikin safe kafin ya iso? So nake ya tarar da yaran nan zaune suna hutun ƙarfe goma. Kuma wa zai kai masa shayi, ni da gwiwar nan? Baƙo ya zo gida, matar gida ba ta nan, me zai ɗauke mu?"

Ranar Chizuru ta fara aiki tun huɗu da rabi. Ƙarfe goma saura kaɗan ta tsallake barandar da gudu, ta tuɓe farar riga ta sa ta gida, ta ɗaura rigar girki a kai, ta jera shayi da alewar wake a faranti. Sufeton mutum ne mai sanyin murya, sunansa Onodera. Ya duba katuna ɗaya bayan ɗaya, ya duba takardun hutu da na gwajin lafiya, yana gyaɗa kai. Da Chizuru ta durƙusa ta ajiye masa shayi, idonsa ya sauka a ƙafarta. Ta manta ba ta sauya ba. Fararen takalman nas ne, duga-dugansu sun cinye.

"Uwargida ma tana taimakawa a asibiti ne?"

"Wa? Ita?" Tokiko ta rufe baki da hannu. "Fure take sa mana a tulu, sai ɗan shayi haka. Takalman nan don bayanta take sa su, sun fi silifa daɗi."

Onodera ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Chizuru. "Haka ne, uwargida?"

Ambulan ɗin na aljihun rigar girkinta, tana jin gefensa a cinyarta. Kalma ɗaya ce ta rage. Ta ga mijinta ya kafa wa tebur ido. Ta tuna tsofaffi goma sha biyun da ke sama, waɗanda ba su da wani asibiti kusa, ta tuna yadda magana ke zagaya garin nan kafin shayi ya huce. Ta ce, "Haka ne."

Mutumin ya ƙara duban takalman, sannan ya mayar da idonsa kan takarda. An ba shi amsa, kuma a takarda ba abin da ya ɓace. Da zai tafi ya ce ƙananan asibitoci da yawa suna kuka da dokar nan, amma nan an nuna ana iyawa. Tokiko ta raka shi har mota tana ta sunkuyawa. Da ta dawo ta zauna ta mayar da ƙwayayen a gurabensu daga ka, ba ta manta ko ɗaya ba.

Rana ta uku da aka ba ta ta faɗo a wata Juma'a cikin Janairu, gobe addu'ar cika shekara shida da mutuwar tsohon Likita. Dangi talatin za su zo, malamin haikali zai zo, akwai katifu da za a shanya da kwanuka da za a sauko da su daga rumbu. Wannan karon Tokiko ba ta ma tsaya a baranda ba, daga ɗaki ta yi maganar.

"Addu'ar nan ba kowace shekara ake yin ta ba. Ciki kuwa yana nan tare da ke, ba inda zai je."

Chizuru ba ta duba mijinta ba, ta gaji da duban. Washegari ta yi ta kai da kawo da faranti tsakanin dangi, da baƙar rigar makoki da ta yi mata yawa. Wata gwaggon mijinta ta kama ta a dantse.

"Ke Chizuru, me kike ci haka kika dawo budurwa? Ba mu sirrin mana, mu ga mu nan kamar buhu."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, sannan ta shiga bayi ta amayar da loma biyun da ta ci, ta wanke baki ta fito ta ci gaba da zuba shayi.

Daga nan ba ta sake neman rana ba. Wannan ne ya fi ba ni takaici a labarin. Ba wanda ya ɗaure ta, ba wanda ya ɗaga mata murya. Kunyar buga wa asibitin birni waya karo na huɗu ce ta kama ta, da wata irin gajiya da ke sa mutum ya ga ko neman lafiyarsa ma wani aiki ne a kan aiki. Ta koma kunun shinkafa. Ta koma riƙe bango in ba mai kallo.

Ƙarshen Fabrairu, a ɗakin magani, Hatsue ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Ba ta nemi izini ba, ta sa babban yatsa ta ja fatar idon Chizuru ƙasa. Ta daɗe tana kallo.

"Fari fat. Ke, jini nawa ya rage miki? Ina takardar nan?"

"Tana nan."

"Tana nan tana me, kiwon ta kike?"

Hatsue ta wuce ofis kai tsaye. Ta ce saura mata kwana ɗaya a hutunta, ta bar wa Chizuru, ita za ta zo aiki. Tokiko ta dafe ƙirji.

"Rufa mana asiri, Hatsue! Kwana huɗu kika ci, Maris ga shi ya zo. In ba ki cika biyar ba, mu za a kama. Hutun nan ba kyauta ba ne da za ki miƙa wa wani. Ki je ki huta, doka ce."

Hatsue ta ce to. Ta fita bayan asibiti da wayarta, ta kira wata ƙawarta da ke aiki a birni, ta samo ranar da ta yi daidai da hutun nata. Da yammacin jajibiri ta raɗa wa Chizuru kar ta ci komai. Da safe sai ga ta da farar riga, ta wuce na'urar buga kati ko kallon ta ba ta yi ba.

"Hatsue! Yau ai kina hutu!" in ji Tokiko.

"Ina hutu mana. Ziyara na kawo. Yau ni ma 'yar gida ce, fure zan sa a tulu." Ta ƙwace tiren allura daga hannun Chizuru. "Ke kuma jirgin bakwai da rabi. In na sake ganin fuskarki a nan kafin yamma, da tsintsiya zan bi ki."

A asibitin birni aka ba ta takarda ta cike. Da ta zo wurin sana'a ta tsaya da biro a sama, sannan ta rubuta matar gida. Likitar da ta gan ta yarinya ce a kanta. Ta buɗe ambulan ɗin da ya yi laushi don zaman aljihu, ta karanta, ta koma saman takardar ta sake karantawa.

"Wannan ai ta Agusta ce."

"E."

"Yaushe aka yi miki gwajin jini na ƙarshe?"

"An kusa shekara biyu."

Likitar ta tura ta ɗakin kyamara da wurin ɗiban jini nan take, kuma Chizuru ta san irin wannan gaggawar, ta sha tsayawa a bayan likita lokacin da ake yin ta. Bayan kwana goma ta koma karɓar sakamako, ita kaɗai, a jirgin rana, bayan ta gama aikin safe. Ciwon daji ne, kuma bai tsaya a ciki ba, ya taɓa hanta. Za a kwantar da ita ƙarshen wata a fara magani, a ga abin da jiki zai karɓa. Likitar ta ce, a hankali, da a daminar bara aka gani da wata maganar suke yi yanzu. Sannan ta tambaya ko tana son takardar da za ta kai wurin aiki don hutun rashin lafiya.

"Ba ni da wurin aiki," in ji Chizuru.

A gida Noriyuki ya karanta sakamakon a tsaye. Bai kai ƙarshe ba ya nemi kujera. Ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ya cire tabarau.

"Me ya sa ba ki faɗa min ya kai haka ba?"

"Kai ka rubuta takardar."

"Ni dai ban taɓa hana ki ba," in ji Tokiko, da sauri, kamar an tambaye ta. "Kowa shaida ne. Ɗagawa kawai na ce ki yi. Da kin ce min abin mai tsanani ne, ai da kaina zan kai ki." Hawaye ya zo mata, kuma na gaske ne. Ta share, ta ja hanci, sai idonta ya tafi inda ya saba tafiya, kan allon bango. "To yanzu aikin Alhamis ɗin nan fa, ya za mu yi?"

Aka sake kiran mai jaka. Ya zauna gaban allon ya ƙirga da'irori na wata guda, ya ce nas ɗaya ba za ta iya ba, doka ba za ta bari ba, sai biyu, da wata ta rabin yini. Aka kuma nemo mace mai zuwa girki da wanki. Dukansu sai ɗaya ga Afrilu za su fara. Tokiko ta ce wa Chizuru ta ɗan riƙe musu zuwa ƙarshen wata, abin da ya sauƙaƙa kawai, kar ta takura kanta. Ta riƙe. Hatsue ta yi faɗa har muryarta ta dushe, amma biyar da rabi na yi dole ta buga kati ta tafi.

Ranar talatin da ɗaya ga Maris Chizuru ta juya tsofaffinta, ta yi musu sallama, ta ce za ta ɗan yi tafiya. Jakarta na bakin ƙofa, Noriyuki ya fito da mota, karo na farko da ya rufe ɗakin duba marasa lafiya a ranar aiki. Ta shiga ofis.

"Mama, ina katina?"

"Wane kati?"

"Na bara."

Tokiko ta jawo aljihun tebur. Katin na nan, doka ta ce a adana katuna, ita kuwa ba ta wasa da doka. Ta fito da shi daga ƙasan aljihun tebur. Chizuru ta kai shi bakin ƙofar ma'aikata. A layin ƙarshe, na talatin da ɗaya, akwai lokacin shiga, bakwai saura kwata, gefensa kuma fili. A jerin katuna an riga an sa sababbi uku da sunayen da ba ta sani ba. Ta zura nata. Na'urar ba ta san shekara ba, rana da awa kawai ta sani. Ta buga a filin: tara da minti goma.

Hatsue ta karɓi katin ta nisanta shi da idonta don ta gani.

"Bakwai saura kwata zuwa tara da minti goma. Awa biyu da minti ashirin da biyar." Ta yi dariya. "Lallai ƙaramar uwargida, ke malalaciya ce." Dariyar ta karye a tsakiya, ta juya ta fuskanci bango.

Chizuru ta karɓi katin ta sa shi a gefen waɗanda suka tashi aiki. Ta cire fararen takalman ta jera su daidai, bakinsu na kallon ƙofa.

Asibitin na nan har yau. Kowa na cin hutunsa kwana biyar, kowa na fita biyar da rabi, ana ɗiban jinin kowa da damina. Duk sufeton da ya zo zai tarar da takardu cif, ba ko ɗigo a inda bai kamata ba. In ya yi bincike sosai har ƙasan aljihun tebur, zai sami katin wata nas da ta zo aiki wata safiya a ƙarshen Maris, ta yi awa biyu da minti ashirin da biyar, ta tafi.